Dodge Power Wagon: Daga Motar Soja Zuwa Tsohuwar Mota Mai Sabon Inji

Dodge Power Wagon a-kori-kura ce mai ja da tayoyi huɗu wadda kamfanin Dodge na Amurka ya fara ƙerawa a ƙarshen shekarar 1945. Tana cikin motoci na farko irin wannan da wani kamfani ya ƙera da yawa domin farar hula. Kafin fitowarta, mai son a-kori-kura mai ja da tayoyi huɗu sai ya sayi ta gama-gari ya kai wa wani kamfani, kamar Marmon-Herrington da ke juya motocin Ford, a sauya mata ƙafa.

Asalinta daga fagen yaƙi ne. A Yaƙin Duniya na Biyu, Dodge ya ƙera wa sojojin Amurka da ƙawayensu dubban motoci na jerin WC, masu ɗaukar kaya da sojoji da marasa lafiya. Bayan yaƙin, kamfanin ya ɗauki shasi da injin waɗannan motoci, ya ɗora musu kan direba mai rufi da bayan ɗaukar kaya, ya nufi manoma da masu saran katako da ma'aikatan haƙar mai da masu kashe gobarar daji. Injinta na fetur ne mai silinda shida da girman lita 3.8, ƙarfinsa bai kai doki 100 ba. Tana da giya huɗu da ƙaramin akwatin giya na biyu mai raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba da na baya. Abin da ya fi jan hankalin manomi shi ne hanyar da ake zaro ƙarfin injin ta gaba ko ta baya a juya wata na'ura, kamar zarto ko famfon ruwa ko abin jan igiyar ƙarfe da ake ɗaura mata a goshi. Motar kan yi aikin tarakta da safe, ta kai kaya gari da yamma.

Siffarta ba ta canja sosai ba fiye da shekara ashirin. A 1961 aka ƙara girman injin zuwa lita 4.1. A 1968 aka daina sayar da ita a Amurka saboda ba ta cika sababbin dokokin kare lafiyar fasinja da rage hayaƙi ba, amma an ci gaba da ƙera ta domin ƙasashen waje har 1978. Sunan ya koma kan wasu motocin Dodge, sannan aka farfaɗo da shi a 2005 a kan Ram 2500, wadda suna kawai ya haɗa ta da ta asali.

Abin da ya sa da yawa daga cikin na asalin suka rayu shi ne kaurin ƙarfen shasi da bodi da kuma sauƙin gyara. Amma abin da aka ƙera don gona da laka bai dace da babban titi na yau ba. Tsarin giyarta na jan nauyi ne, don haka da ƙyar take wuce kilomita 85 a awa, injin yana ta kuka. Birkinta na ganga ne mai buƙatar ƙarfin ƙafa da nisan tsayawa. Sitiyarin sai da ƙarfin damtse, na farko-farko kuma ba a sa musu giya sai direba ya taka kuloci sau biyu. Kan direban ƙunci gare shi, ga zafi ga ƙara.

Daga nan ne aikin sabunta ta ya samo tushe. Makanikai kan kwance motar gaba ɗaya, su wanke tsatsar shasi da yashi, su ƙara masa ƙarfi da walda don ya jure inji mai ƙarfin da ya ninka na da. Injin da aka fi so shi ne dizal na Cummins: mai silinda huɗu da lita 3.9, wanda gajartarsa ta dace da ƙaramin wurin inji, ko mai silinda shida da lita 5.9 da Dodge ya fara sa wa motocinsa a 1989, wanda sai an yi yanka da ƙari kafin ya zauna. Masu son fetur kan zaɓi V8 na General Motors ko Hemi na Chrysler. Ana sauya aksul da irin Dana 60, a sa birki mai faifai, da sitiyari mai taimakon mai, da giya mai ƙarin mataki don tafiyar titi, da sababbin wayoyi da na'urar sanyaya ɗaki. Wasu kan tsawaita kan direban, har a yi masa ƙofa huɗu, abin da kamfanin bai fitar da shi a wannan siffa ba.

Kamfanin Legacy Classic Trucks, wanda Winslow Bent ya kafa a yankin Jackson na jihar Wyoming, ya yi suna a wannan aiki, motocinsa kuma kan kai ɗaruruwan dubban daloli. Vintage Power Wagons da ke Fairfield a jihar Iowa shi ne matattarar kayan gyara ga masu yin aikin a garejinsu. Akwai kuma hanya ta biyu ta sabunta motar, wato a ɗaga tsohon bodin a ɗora shi kan shasin sabuwar Ram gaba ɗaya.

Masu tara tsofaffin motoci ba su yarda da juna ba a kan wannan sabuntawa. Wasu na ganin cire injin asali ɓata tarihi ne, kuma suna da hujja idan motar tana nan cikakkiya da kayanta. Sai dai da yawa daga cikin waɗanda ake sabuntawa daga bayan rumbu ko filin gwangwan ake kwaso su, injinsu ya daɗe da daskarewa. Sauya birki kuwa, musamman, ya zama dole ga duk wadda za ta hau titi tare da motocin zamani.