Daga Roƙo Zuwa Big Brother: Tarihin Shirye-shiryen Zahiri da Cinikin Suna

1.0 Gabatarwa

Manazarta adabin baka sun daɗe da sanin cewa suna abu ne da ake ƙerawa. Yana da maƙera, yana da masaya, yana kuma da farashi. Wannan maƙala za ta bi tarihin wata sabuwar maƙera ta suna, watau shirye-shiryen talabijin da ake tara mutanen da ba 'yan wasa ba ne, a kafa musu kyamara dare da rana, a nuna wa duniya zamansu. Tun da ba a tsayar da kalma guda a Hausa ba, a nan za a kira su shirye-shiryen zahiri, ko da yake za a ga cewa zahirin nasu akwai lauje cikin naɗi. Za a fi mai da hankali ga Big Brother, domin shi ne ya fi kowane yin tasiri a Nijeriya. Abin da maƙalar ke son nunawa shi ne, waɗannan shirye-shirye sun juya tsohon cinikin suna: a da mai neman suna ke biyan maroƙi, yanzu kuwa maroƙin ne ke biya.

2.0 Suna Kafin Talabijin

Smith (1957), wanda ya yi bincikensa a ƙasar Zazzau, ya nuna yadda roƙo ke tsare martabar mutane a tsakanin Hausawa. Maroƙi kan ambaci asalin mutum da sarautarsa da kyautarsa a bainar jama'a, shi kuma ya saka masa da kuɗi ko riga ko doki. Wanda ya yi rowa, zambo na jiran sa. Ba za a ce wannan tsari ba ya sayar da suna ba. Bayan kafa gidan rediyon Kaduna a 1962, direbobi da 'yan kasuwa da yawa sun shiga bakin duniya ne don kawai Alhaji Mamman Shata ya ambace su. Sai dai akwai abubuwa biyu da suka tabbata: wanda ake wa kirari yana da wani abin da aka san shi da shi tun kafin maroƙi ya buɗe baki, ko da kuwa yawan kyauta ne, kuma daga aljihunsa ladan roƙon ke fitowa.

A Amurka, Boorstin (1962) ya lura cewa jaridu da rediyo da talabijin sun fara haifar da wani irin mutum wanda ba a san shi da komai ba face an san shi. Ya bambanta shi da jarumi, wanda aikinsa ya riga sunansa. Rojek (2001) ya kasa shahara gida uku: ta gado, da ta aiki, da wadda kafofin watsa labarai ke liƙa wa mutum. Bahaushe yana da kalmomin biyun farko, tun da ya san ɗan gado ya kuma san ɗan haye a kowace sana'a. Ta ukun ce ba shi da ita, kuma ita ce hajar shirye-shiryen zahiri.

3.0 Asalinsu a Amurka da Turai

Akan danganta mafarin abin da Allen Funt, wanda ya fara ɓoye na'urar ɗaukar magana a rediyo a 1947, sannan ya koma talabijin da Candid Camera a 1948. Amma wanda aka ɗauka a wannan shiri bai san ana ɗaukar sa ba, kuma washegari an manta da shi. Sauyi na gaske ya zo a 1973, lokacin da tashar PBS ta nuna An American Family. An yi watanni ana bin iyalin Loud na California da kyamara, aka tara hoto na kimanin sa'a 300, aka tace shi ya koma sa'a 12. A cikin shirin ne auren mai gidan da matarsa ya mutu a idon miliyoyin 'yan kallo. Iyalin sun koka cewa masu tacewa sun zaɓi abin da ya fi muni. Duk da haka sun riƙa zagaya gidajen talabijin ana hira da su, watau kukan nasu ma ya zama wani shirin.

Abin da ya sa gidajen talabijin suka rungumi wannan salo shi ne araha. Yajin aikin marubutan fina-finai da talabijin na Amurka a 1988, wanda ya kai mako 22, ya koya musu cewa ana iya cika lokaci ba tare da marubuci ko ɗan wasa mai tsada ba. Daga nan Cops ya fito a 1989, The Real World na MTV a 1992. A Suwidin kuma, Expedition Robinson na 1997 ya ƙara wani sinadari, watau korar mutum ɗaya bayan ɗaya ta hanyar ƙuri'a. Mutumin da aka fara kora, Sinisa Savija, ya kashe kansa kafin ma a fara nuna shirin. An cire yawancin wuraren da ya fito, aka ci gaba da nunawa.

A Satumban 1999 ne kamfanin Endemol na John de Mol ya haɗa waɗannan sinadarai a Holan ya kira su Big Brother: gida a rufe, ba waya, ba jarida, kyamara a kowane lungu, 'yan kallo su yanke wa za a kora. An ɗauko sunan daga littafin George Orwell na 1949, inda Babban Yaya yake shugaba mai leƙen asirin talakawansa. Abin da Orwell ya rubuta don tsoratarwa, cikin shekara 50 mutane sun koma yin layi suna roƙon a yi musu shi.

Babu labarin da ya fito da cikin wannan ciniki kamar na Jade Goody. Ma'aikaciyar asibitin haƙori ce daga kudancin Landan, ta shiga Big Brother na Ingila a 2002, ta zo ta huɗu. Jaridu sun yi ta yi mata ba'a saboda ƙarancin saninta, ba'ar kuwa ta sa ta fi wadda ta ci gasar suna. Ta sayar da turare da littafin tarihin rayuwarta. A 2007 ta koma gidan tare da wasu taurari, ta ci mutuncin 'yar fim ɗin Indiya Shilpa Shetty da kalaman da aka ɗauka na wariyar launin fata ne, har mutane sama da 40,000 suka kai ƙara ga hukumar kula da kafofin watsa labarai ta Ingila. Kantuna suka janye turarenta. A 2008 ta tafi Indiya ta shiga irin wannan shiri don wanke sunanta, a can cikin gidan aka sanar da ita tana da sankarar mahaifa. Ta sayar wa mujallar OK! hotunan aurenta, ta bari aka ɗauki jinyarta, tana cewa tana tara wa 'ya'yanta biyu abin da za su rayu da shi. Ta rasu a Maris 2009 tana da shekara 27. Jaridun da suka yi mata zambo su ne suka yi mata kirarin ta'aziyya, kuma duka biyun sun sayar.

4.0 Isowarsu Nijeriya

An buɗe talabijin na farko a Nijeriya a Ibadan a 1959, kuma har zuwa Dokar Soja ta 38 ta 1992 gwamnati kaɗai ke da ikon mallakar tasha. Taurarin wancan zamani 'yan wasa ne da masu karanta labarai, waɗanda aka san su da aikinsu. Shirin zahiri yana buƙatar abubuwa biyu da ba a samu ba sai daga baya: tasha mai zaman kanta da za ta iya ware zango guda na sa'a 24, da kuma hanyar da ɗan kallo zai jefa ƙuri'a daga ɗakinsa. Tauraron ɗan'adam na DStv ya kawo na farko, wayar salula ta 2001 ta kawo na biyu.

A 2003 tashar M-Net ta shirya Big Brother Africa a Johannesburg, da mutum 12 daga ƙasashe 12. Cherise Makubale ta Zambiya ta ci dala 100,000. Majalisar dokokin Malawi ta hana nuna shi a tashar gwamnati bisa dalilin ɓata tarbiyya, babbar kotu ta soke hanin. Kamfanonin giya da na waya a Nijeriya suka ga kasuwa: Gulder Ultimate Search ya fara a 2004, Project Fame na MTN a 2008. Ya kamata a ware irin su Project Fame, domin a can akwai sana'ar da ake gwadawa, kuma mawaƙa irin su Iyanya da Chidinma daga nan suka fito. A Big Brother ba a gwada komai sai zama.

Na Nijeriya zalla an yi shi a 2006, Katung Aduwak daga Jihar Kaduna ya ci dala 100,000, watau kimanin naira miliyan 13 a canjin lokacin. 'Yan Nijeriya kuma suka ci na Afirka sau uku a jere: Kevin Pam a 2009, Uti Nwachukwu a 2010, sai Karen Igho wadda ta raba da wani ɗan Zimbabuwe a 2011. An yi shekara 11 kafin na gida ya dawo a 2017 da sunan Big Brother Naija, kuma a Afirka ta Kudu aka ɗauke shi, abin da ya sa ministan watsa labarai na lokacin, Lai Mohammed, ya umarci hukumar NBC ta bincika. An mai da gidan Legas a 2019. Kyauta ta tashi daga naira miliyan 25 da mota a 2017 zuwa miliyan 120 a 2023.

Mai nazarin harshe zai lura da sunayen da aka riƙa sa wa zangunan shirin: See Gobbe, Double Wahala, Pepper Dem, Shine Ya Eye. Duk Turancin buroka ne, harshen da ba na kowace ƙabila ba, wanda kuma kowa ke iya saye da shi. Kalmar wahala tamu ce da ta yi ƙaura ta zama ta kowa. Ita kuwa gobe, Bahaushe zai ji ranar da ke tafe, alhali a titin Legas rikici ake nufi. Sunayen da kansu alkawari ne ga ɗan kallo cewa za a yi faɗa.

5.0 Wa Ke Biyan Maroƙi?

Abin da ya raba 2006 da 2017 shi ne shafukan sada zumunta. Wanda zai shiga gidan yakan bar shafinsa na Instagram da na Twitter, wanda ya koma X a 2023, a hannun wani wakili, tun da shi ba a bar masa waya ba. Wannan wakili shi ne sanƙiran zamani: yana yanko hotunan ubangidansa, yana zuga, yana mai da martani ga abokan hamayya. A bayansa akwai runduna ta magoya baya masu sunan kansu. Na Mercy Eke, mace ta farko da ta ci gasar a 2019, suna kiran kansu Mercenaries, na Tacha Titans, na Laycon, wanda ya ci a 2020, Icons. Suna ƙirƙira wa gwaninsu take da kirari, suna yi wa kishiyarsa zambo mai zafi, wani lokaci har da zagin ƙabila. Duk aikin da Smith ya bayyana na maroƙa yana nan, babu abin da ya ragu.

Amma ba su karɓar riga ko doki. A shekarun da ake jefa ƙuri'a ta saƙon waya, kowane saƙo naira 30 ne. Da aka koma manhajar kamfanin, yawan ƙuri'un da mutum ke iya jefawa ya danganta da tsadar ƙunshin tashoshin da ya biya. Magoya baya kan yi karo-karo su sayi katin waya su raba wa masu zaɓe, irin yadda aka saba gani a siyasa. A zangon 2020, lokacin kullen annobar korona, kamfanin ya ba da sanarwar an jefa ƙuri'a sama da miliyan 900. Bayan an fito kuma akan ji magoya baya sun haɗa kuɗi sun sai wa gwaninsu mota ko gida. A jami'ar da nake koyarwa a nan kudu, na sha ganin ɗaliban da ke kukan kuɗin rajista suna gardamar wa ya fi yi wa gwaninsa hidima. Ban ga laifin nishaɗi ba, amma ya dace a kira abin da sunansa: aikin talla ne da ake yi wa kamfani kyauta, har a biya shi lada.

Masu suka ma ba su tsira ba. A 2019 ƙungiyar MURIC ta nemi gwamnati ta haramta shirin, malaman coci da dama sun yi irin wannan kira a shekaru daban-daban. Kowane kira ya zama kanun labari, kanun labari kuwa shi ne abincin shirin. A tsohon tsari zambo yana rage wa mutum daraja, shi ya sa ake biyan maroƙi ya yi shiru. A sabon tsari ba a auna daraja, yawan ambato ake aunawa. An kori Tacha daga gidan a 2019 saboda faɗa, an kori Erica a 2020 saboda karya doka, kuma dukansu sun fito da mabiya da kwangilolin talla da suka fi na wasu da suka kai ƙarshe lami lafiya.

Shi kansa ɗan gidan fa? Ya shiga ne da halinsa da sirrinsa a matsayin jari, masu tacewa su zaɓi abin da za a nuna a taƙaitaccen shirin dare, su mai da wannan mugu, waccan makira, kamar yadda aka yi wa iyalin Loud. Idan ya fito yana da 'yan watanni da kamfanoni za su naɗa shi jakadan hajarsu, ya sayar musu da mabiyansa, kafin a buɗe gidan ga sababbin fuskoki. Sunan da ba ya jingine da sana'a dole a riƙa ciyar da shi kullum da sabon hoto, ko sabuwar soyayya, ko sabon rikici, kuma tsadar suturar da ake sa ran gani a jikin tauraro ba ta raguwa don kwangila ta ƙare. Kaɗan sun tsallaka zuwa fim ko waƙa ko kasuwanci, kamar Bisola Aiyeola ta 2017, wadda dama 'yar wasa ce kafin ta shiga. Daga cikin 'yan gidan 2006, wanda ƙasa duka ta fi sani shi ne Ebuka Obi-Uchendu, lauyan da ya zo na takwas, wanda kamfanin ya ɗauka a 2017 ya zama mai gabatar da shirin, yana kiran sunan wanda aka kora kowane daren Lahadi.