Shiru Tsakanin Fiyano da Kwamfuta: Nazarin Hanyar Gano Matsalar Haɗin MIDI

Tsakure

Maƙalar ta duba dalilan da ke hana fiyanon lantarki da kwamfuta jin maganar juna ta hanyar MIDI. Ta nuna cewa wahalar gano matsalar ta samo asali ne daga ginin tsarin kansa, domin mai aika saƙo ba ya samun amsar ko saƙon ya isa.

1.0 Gabatarwa

A watan Janairun 1983, a bajekolin NAMM na Amurka, aka haɗa fiyanon lantarki Prophet-600 na kamfanin Dave Smith da fiyanon Jupiter-6 na kamfanin Roland, wanda Ikutaro Kakehashi ya kafa, ɗaya ta kaɗa ɗaya. Wannan tsari na MIDI ne har yau makaɗan situdiyoyin Kano ke dogaro da shi idan suka jona fiyanon Yamaha PSR da manhajar kiɗa ta FL Studio. MIDI ba ya ɗaukar sauti. Umarni kawai yake kaiwa: an danna maɓalli kaza, da ƙarfi kaza, an sake shi. Saƙon yana tafiya da saurin bit 31,250 a daƙiƙa, a kan layuka 16, kuma fiyano na aikawa ne ko da mai karɓa ko babu. Shi ya sa lalacewar waya da kuskuren saiti suke zuwa da alama guda, wato shiru.

2.0 Raba Hanya Biyu

Abin da ya fi dacewa shi ne a sa mai gadi a tsakiya. Manhajar MIDI-OX a Windows, ko MIDI Monitor a Mac, tana nuna duk saƙon da ya shigo. Idan an danna maɓallin C na tsakiya aka ga lamba 60 ta fito, to waya da direba sun wanke kansu, sauran aiki yana cikin manhajar kiɗa. Idan ba a ga komai ba, sai a koma baya, a duba waya da direba.

2.1 Ɓangaren Waya

Kuskuren da ya fi yawa shi ne jona OUT da OUT. Ƙa'ida ita ce OUT na fiyano ya shiga IN na ɗaya ɓangaren, amma masu ƙera kebul ba su daidaita ba: wasu suna rubuta sunan kan kebul ɗin, wasu sunan ramin da za a cusa shi. Musanya su ba ya ƙona komai, don haka gwaji ne mai arha.

Kebul masu araha da ke mai da MIDI zuwa USB sun cancanci tsayawa. Ƙa'idar 1983 ta tanadi wata 'yar na'ura a ramin IN wadda ke karɓar saƙo ta hanyar haske, domin kada lantarkin na'urorin biyu ya haɗu. Wasu masu ƙerawa suna tsallake ta don rage kuɗi. Sakamakon ya fi shiru ban haushi, domin kebul ɗin na aiki rabi da rabi: amo ya maƙale yana ta kuka saboda saƙon sakin maɓalli ya ɓata, ko dogon saƙo ya yanke a hanya. A ganin wannan nazari, irin wannan kebul ba a gyara shi, canza shi ake yi.

Jonawa kai tsaye ta USB ba ta da wancan shingen haske, kuma a situdiyon da ke kan janareto ba tare da wayar ƙasa mai kyau ba, hakan na iya jawo gurnani a lasifika. Littattafan Yamaha suna gargaɗin a yi amfani da kebul da bai kai mita 3 ba, a kuma jira daƙiƙa 6 tsakanin cirewa da mayarwa.

2.2 Ɓangaren Saiti

A tsohon tsarin Windows, manhaja ɗaya ce kaɗai ke iya riƙe ƙofar MIDI a lokaci guda. Wanda ya bar MIDI-OX a buɗe bayan gwaji, ya kunna manhajar kiɗa, zai tarar da ƙofa a kulle, mai gadin ya zama ɓarawo. Haka kuma idan fiyano na aikawa a layi na 1 alhali manhaja na sauraron na 2, shiru za a ji.

Akwai kuma Local Control, wato saitin da ke haɗa maɓallan fiyano da sautin cikinsa. Idan yana kunne kuma kwamfuta na mayar wa fiyano saƙonsa, kowane amo sai ya fito sau biyu. Idan an kashe shi aka manta, fiyano zai yi gum da zarar an cire kebul, mai shi ya ɗauke shi zuwa wajen mai gyara alhali lafiyarsa ƙalau.

Jinkiri tsakanin dannawa da jin sauti ma ana yawan ɗora wa MIDI, bisa kuskure. Saƙon danna maɓalli bayit 3 ne, ba ya kai kashi 1 cikin 1,000 na daƙiƙa a waya. Ma'ajiyar sauti ta kwamfuta mai samfur 512 a saurin samfur 44,100 a daƙiƙa kuwa tana cin kusan ninki 12 na hakan, kuma direban ASIO da rage girman ma'ajiyar ne maganinta.