Takardu Uku a Adakar Kakana: A Ina Ake Yanke Shawarar Zuru?

Bara, da muke kwashe kayan ɗakin marigayi kakana za a sake rufi, sai muka ci karo da tsohuwar adakarsa ta ƙarfe. A ciki akwai littafin sallamarsa daga soja, da wasu rasit na haraji da ya ɗaure da zare, takardun sun yi ja don daɗewa. Hatimin da ke kansu na En'e ta Zuru ne, Lardin Neja. A ƙasansu ga takardar gama makarantar mahaifina, tana cewa Jihar Sakkwato. Tawa ta haihuwa kuwa Jihar Kebbi aka rubuta. Gidanmu bai taɓa matsawa ko taku ɗaya ba, amma kaka da ɗa da jika kowa da garin da ake yanke masa hukunci: Minna, Sakkwato, Birnin Kebbi.

Sana'ata rubuta manhajar kwamfuta ce. Idan aka danƙa mini tsohon aikin wani aka ce in gyara, tambayoyi uku nake fara yi: a ina ake yanke shawara, wa ke riƙe da makulli, kuma ina ake rubuta abin da aka yi? Waɗannan tambayoyin na ɗauka na bi tarihin mulkin garinmu da su.

Kafin zuwan Turawa, ƙasar da muke kira masarautar Zuru a yau ba ta ƙarƙashin sarki ɗaya. Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, da Fakkawa da Dukkawa da Kambari da sauran maƙwabtansu, suna zaune ne gari-gari, da yawansu a kan duwatsu ko a gindinsu, saboda tsaro. Hare-haren neman bayi daga Kwantagora, zamanin Umaru Nagwamatse da ɗansa Ibrahim, sun ƙara sa mutane riƙe tuddansu. A garuruwan Lelna akwai Gomo, amma ba shi kaɗai ke magana ba; dattawan zuri'o'i da masu kula da al'amuran ƙasa da al'ada kowa da bakinsa. Rabon gona, lokacin bikin Uhola, rikicin da ya taso kan golmo, wato noman da saurayi ke yi wa surukansa shekara da shekaru kafin a ba shi mata, duk a gaban jama'a ake kashe su. Ba a rubutawa, kuma ba kowa ke da murya ba, musamman mata da yara. Sai dai wanda ya yanke shawarar, gobe za ka haɗu da shi a hanyar gona.

A 1901 sojojin Ingila suka ci Kwantagora. Tsarin da Lugga ya shimfiɗa a Arewa na mulki ta hannun sarakuna ne, kuma ya fi zama daidai a wurare irin Kano da Katsina, inda aka tarar da sarki da hakimai da alƙalai. A ƙasar Zuru Bature bai tarar da mutum ɗaya da zai ba umarni ya isa ko'ina ba. Saboda haka aka yi ta tattara garuruwa ana mai da su gundumomi, ana kuma yawo da ƙasar tsakanin larduna. Da farko tana Lardin Kwantagora. Da aka rushe wannan lardin ta koma Sakkwato. Shi ya sa rubutun da wani jami'in mulkin mallaka, P. G. Harris, ya buga a 1938 ya kira Dakarkari mutanen Lardin Sakkwato. Daga baya aka mai da ita Lardin Neja, inda gundumomi biyar, Dabai da Danko da Fakai da Sakaba da Wasagu, suka zauna a inuwar En'e guda ta tarayya.

Abin da ya fi muhimmanci a tsarin En'e shi ne baitulmali. Kuɗi daga ƙasa suke tasowa su yi sama. Mai unguwa ya ƙidaya mazajen da suka isa biyan haraji, dagaci ya tara, hakimi ya kai wa ma'aji, Fulani su biya jangali kan kowace saniya. Gwamnati ta ɗauki kasonta, En'e ta riƙe nata ta biya 'yan doka da malaman makaranta da malaman asibiti, ta gyara hanya da rumfunan kasuwa. Komai a rubuce yake: akwai kiyasin shekara, akwai littafin shiga da fita, Di'o yana dubawa, Razdan yana sa hannu.

Na tambayi kawuna, wanda ya riski ƙarshen wannan zamani yana yaro, ko gaskiya ne abin da ake cewa da ya fi yanzu. Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, kada ka bari a ruɗe ka. Mun ga an shanya mutum a rana saboda sule kaɗan. Mun ga wanda ya sayar da akuyarsa ta ƙarshe. Littafi kam akwai, amma ba don mu aka rubuta shi ba." Maganarsa ta kama hanya. Talaka ya san nawa ya biya, domin a jikinsa ya ji, amma ba shi da ikon tambayar inda kuɗin suka tafi. Lissafin sama yake kallo, wajen Bature. Dattawa kan ce ma neman kuɗin haraji na cikin abin da ya fara tura samarinmu aikin soja, aikin da daga baya ya zama tambarin Zuru a Nijeriya.

Ba mutanenmu kaɗai wannan ya dama ba. A watan Agustan 1950 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a majalisar Arewa a Kaduna ya nemi a binciki tsarin En'e baki ɗaya, domin a ganinsa an bar talaka a baya. Dokar En'e ta 1954 ta ƙara wa majalisu ƙarfi a kan sarakuna, ta buɗe ƙofa ga zaɓaɓɓun wakilai. Bayan da Janar Yakubu Gowon ya ƙirƙiro jihohi 12 a watan Mayun 1967, Zuru ta faɗa Jihar Arewa maso Yamma. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnati ta karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e. An zare mata haƙora, saura baitulmali.

Shekarar 1976 ce ta juya komai. A watan Fabrairu Janar Murtala Muhammed ya raba Arewa maso Yamma gida biyu, kuma Zuru ba ta bi sauran Lardin Neja ba, aka haɗa ta da sabuwar Jihar Sakkwato. A cikin shekarar dai gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta yi wa mulkin ƙananan hukumomi garambawul: tsari iri ɗaya daga Legas har Barno, ƙananan hukumomi 301, majalisa mai zaɓaɓɓun kansiloli, sarakuna kuma su koma masu ba da shawara. Zuru ta zama ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 19 na Jihar Sakkwato, ita kaɗai tana riƙe da dukan ƙasar gundumomin nan biyar.

A nan ne ruwa ya sauya magudana. An ba ƙananan hukumomi haƙƙin samun kaso daga asusun tarayya, wanda man fetur ya cika. A 1979 gwamnonin PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali, kuma tun daga nan harajin kai ya yi ta dusashewa a Arewa. Talaka ya huta, ba wanda zai yi kukan rashin ɗan doka a ƙofar gida. Amma kuɗin da a da ke tashi daga Rikoto da Senchi da Bedi su hau sama, yanzu daga sama suke gangarowa. Kakana yana biya ba shi da ƙuri'a. Ni ina da ƙuri'a, amma ban ga lokacin da kuɗin suka fita daga aljihuna ba, saboda haka ban cika jin nawa ne ba. Shugaban ƙaramar hukuma kuwa, duk wanda ya zama, dole idonsa ya fi karkata ga inda kuɗi ke fitowa.

Ita ma ƙuri'ar ba kullum ake ba da ita ba. A Jamhuriya ta Biyu, daga 1979 zuwa 1983, ba a yi zaɓen ƙananan hukumomi ba. Gwamnoni naɗa kwamitocin riƙo suka yi ta yi. Sojoji suka kawo kantomomi. Janar Ibrahim Babangida ya gwada wata hanya: ya yi zaɓen da babu jam'iyya a 1987, ya rushe ma'aikatun ƙananan hukumomi na jihohi a 1988, ya sa a riƙa tura kuɗi kai tsaye, ya kuma ɗaga kason har ya kai kashi 20 cikin ɗari. Shi ne kuma ya ƙirƙiro Jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta, 1991. Zuwa 1996, da yawan ƙananan hukumomin ƙasar ya kai 774, tsohuwar Zuru ta zama huɗu: Zuru, da Fakai mai hedikwata a Mahuta, da Sakaba a Dirin Daji, da Danko/Wasagu a Ribah. Sakatariya ta matso kusa da mutane. Tambaya ita ce ko makulli ya biyo ta.

Kundin tsarin mulki na 1999 ya ba da amsa biyu masu karo da juna. Sashe na 7 ya tabbatar da mulkin ƙananan hukumomi ta hannun zaɓaɓɓun majalisu. Jadawali na huɗu ya lissafa aikinsu: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, kwashe shara, magudanun ruwa da ƙananan hanyoyi, sa wa tituna suna da gidaje lamba, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, lasisin keke da amalanke, da sa hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya da noma. Duk abin da ke taɓa rayuwar yau da kullum ke nan. Amma sashe na 162 ya ce kuɗinsu su bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, zaɓensu kuma hukumar zaɓe ta jiha ke shirya shi. A harshen aikinmu, an ba mutum aiki da teburi, amma kalmar sirrin shiga tana hannun wani. Sakamakon iri ɗaya ne kusan ko'ina a Nijeriya, ko wace jam'iyya ce ke mulki: kwamitocin riƙo na shekaru, da zaɓukan da jam'iyyar gwamna ke lashe duka.

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni Janar na Tarayya, Lateef Fagbemi, ya shigar da jihohi 36. Ta ce a biya ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma haramun ne gwamna ya rushe zaɓaɓɓiyar majalisa ya naɗa ta riƙo. Jihohi suka yi ta rige-rigen zaɓe. Kebbi ta yi nata a ƙarshen Agustan shekarar, jam'iyya mai mulki ta ɗauke kujerun shugabanni 21 duka. Aiwatar da ɓangaren kuɗin kuwa ya yi ta jan ƙafa.

Wannan ba gardamar lauyoyi ba ce a wurinmu. A watan Maris na 2022 'yan bindiga suka kashe 'yan sa-kai fiye da 60 a yankin Sakaba. Ƙauyuka sun watse, mutane sun kwararo cikin garin Zuru da 'ya'yansu. Tsaro ba ya cikin ikon ƙaramar hukuma, amma ajin da zai ɗauki yaran nan, da asibitin sha-ka-tafi, da rijiyar burtsatse, da filin da za a binne mamaci, duk a teburinta suke sauka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ke Birnin Kebbi ko Abuja, komai kyawun niyyarsa, ba zai san wace kwalbati ce ke raba unguwa da kasuwa idan ruwan Agusta ya sauko ba.

Sai dai tarihin nan ya koya mini kada in ɗora dukan fatana a kan hukuncin kotu. En'e tana da baitulmalinta a cikin gari, amma hakan bai sa kakana ya san inda sulensa ya shiga ba. Idan kuɗi suka taso daga Abuja suka sauka Zuru kai tsaye, kuma aka ci gaba da yanke shawara a ɗaki a rufe, to wurin duhun kawai aka sauya.

A aikinmu ba a yarda mutum ya taɓa manhaja ba tare da ya bar sawu ba: wa ya canza, yaushe, don me. Ba don ana zargin kowa ba ne. Don gobe in abu ya lalace a san inda za a duba. Rabin wannan sawun ma akwai shi: ofishin Akanta Janar na Tarayya yana wallafa abin da aka ware wa kowace ƙaramar hukuma wata-wata, duk mai waya zai iya nema. Akwai kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. Abin da ya rage shi ne ɗaya rabin: kasafin shekara a manne a bangon sakatariya da bakin kasuwa, ranar zaman kansiloli a sanar kamar yadda ake sanar da ɗaurin aure, bayanin abin da aka zartar a rubuta da Hausa da C'lela a tura a WhatsApp, kowane aiki a faɗi kuɗinsa da mazaɓarsa. Ba ya buƙatar gyaran tsarin mulki, ba ya cin kuɗin kwalbati ɗaya. Kansilan Tadurga ko na Rafin Zuru zai iya fara nema a zama na gaba, idan mutanen mazaɓarsa suka nema daga gare shi.

Na mayar da rasit ɗin kakana cikin adaka, na ɗaure su da zarensu. Shekaru ya yi yana adana su, domin a zamaninsa hukuma ce ke tare talaka a hanya ta ce ya nuna shaidar ya biya. Yanzu da aka ce hukumar tamu ce, mu ya kamata mu tare ta mu nemi nata rasit ɗin.