Tiyatar sauya jinsi daga namiji zuwa mace: abin da tarihi ya nuna game da lafiyar waɗanda aka yi wa

Tarihin wannan tiyata ya faro ne a Jamus. A 1931 aka yi wa Dora Richter aikin ƙera farji a birnin Balin, ƙarƙashin kulawar cibiyar da likita Magnus Hirschfeld ya kafa a 1919. A wannan shekarar kuma Lili Elbe, mai zane 'yar Denmak, ta rasu a Dresden bayan an yi yunƙurin dasa mata mahaifa. A lokacin babu fenisilin a asibitoci, babu kuma magungunan da ke hana jiki ƙin gaɓar da aka dasa masa.

A 1956 Georges Burou, likitan mata Bafaranshe da ke Kasabalanka a Maroko, ya ƙirƙiro hanyar juya fatar azzakari zuwa ciki don ta zama bangon sabon farjin. Har yau ita aka fi bi, kuma daga yanayinta ne matsalolin da ke daɗewa suke tasowa. Jiki yana ɗaukar wurin a matsayin rauni, sai ya riƙa ƙoƙarin rufe shi. Saboda haka dole a riƙa buɗa shi da sandar roba tsawon shekaru, in aka yi sakaci ya tsuke. Bakin hanyar fitsari ma yana iya matsewa. Wani lokaci, ko da yake ba kasafai ba, hanji yakan huje ya haifar da yoyon bayan gida. Cire 'ya'yan maraina kuwa yana kawo ƙarshen haihuwa har abada.

Darasi mafi tsada ya zo ne ta ɓangaren magani. Shekara da shekaru ana ba waɗannan marasa lafiya estrojin nau'in etinil estradiyol, har sai da likitocin Amstadam a Holan suka bi diddigin ɗaruruwansu, suka gano cewa daskarewar jini a jijiya ta ninka ta sauran jama'a sau da yawa. Daga nan aka koma ga estradiyol, musamman wanda ake liƙawa a fata.

A 2011 Cecilia Dhejne da abokan aikinta suka wallafa binciken mutum 324 da aka yi wa tiyatar a Suwidin tsakanin 1973 da 2003, maza da mata. Sun tarar mutuwa da kashe kai sun fi yawa a cikinsu in aka kwatanta da sauran al'umma. Kwatancen bai shafi masu irin halinsu da ba a yi wa tiyata ba, don haka binciken bai ɗora laifin a kan aikin ba. Abin da ya tabbatar shi ne buƙatar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ba ta ƙarewa da sallama daga asibiti. A Amstadam kuma, rahoton 2018 ya nuna waɗanda suka yi nadama bayan cire maraina ba su kai ɗaya cikin ɗari ba.

Ga iyalin da ke da wanda aka riga aka yi wa aikin, wannan tarihi yana da amfani a aikace. Kada a daina estrojin ba da shawarar likita ba, domin ƙashi yana rauni idan jiki ya rasa shi. Kada a maye gurbinsa da ƙwayar tazarar haihuwa daga kemis, domin yawancinsu etinil estradiyol ne a ciki. Taba tana ƙara haɗarin daskarewar jini. Furostet tana nan ba a cire ta, kuma ana bukatar duba nono kamar yadda likita ya tsara. Kumburin ƙafa ɗaya mai zafi, ko sarƙewar numfashi farat ɗaya, alama ce ta a garzaya asibiti nan take, a kuma faɗa wa likita duk maganin da ake sha ba tare da ɓoyewa ba.