Ɗan Majalisa da Mazaɓarsa: Wa Ke Magana da Yawun Madarunfa?

Nijar ƙasa ce mai gwamnati ɗaya a tsakiya, saboda haka ba ta da majalisun dokoki na jihohi irin waɗanda Najeriya take da su, kuma duk mai son nazarin rayuwar ɗan majalisa a yanki kamar Madarunfa dole ya duba wanda mutanen wurin suke kira depite, wato wakilin da ake turawa majalisar dokoki ta ƙasa a Yamai. Gundumar Madarunfa tana kudu da birnin Maradi, ta ƙunshi garuruwa irin su Ɗan Isa, Gabi, Safo, Sarkin Yamma da Jiratawa, kuma iyakarta ta kudu tana manne da Jibiya ta Jihar Katsina. Jama'ar ɓangarorin biyu harshensu ɗaya, kasuwanninsu ɗaya, aure kuma ya haɗa su, amma hanyar da ake zaɓar masu yi musu doka ta bambanta ƙwarai, kuma wannan bambanci ne yake tsara yadda ɗan siyasa ke tashi da yadda yake faɗuwa.

A Katsina, majalisar dokokin jiha tana da kujeru 34, Jibiya kuma tana da tata, ta yadda manomin da aka kore wa shanu ya san sunan mutumin da zai tuhuma idan zaɓe ya zagayo. A Nijar kuwa, a ƙarƙashin jamhuriya ta bakwai wadda tsarin mulkin 2010 ya kafa, juyin mulkin 2023 kuma ya kawo ƙarshenta, jiha ɗungurungum ita ce mazaɓa. Daga zaɓen 2016 har zuwa 2023 majalisa tana da kujeru 171, daga ciki 158 ana raba su tsakanin jihohi takwas, takwas an keɓe wa mazaɓu na musamman irin su Bermo domin ƙananan ƙabilu, biyar kuma na mazauna ƙetare ne. Jihar Maradi ta samu 31. A wancan lokaci kowace jam'iyya tana gabatar da jerin sunaye, mai zaɓe ya jefa ƙuri'arsa ga jam'iyya, sannan a raba kujerun gwargwadon ƙuri'un da kowace ta samu a faɗin jihar. Mutumin Gabi yana iya yin zaɓe, ƙuri'arsa ta taimaka wajen ɗora wani daga Tasawa ko Dakoro wanda bai taɓa taka dajin Baban Rafi na gundumar Madarunfa ba.

Tsarin yana da hujjarsa, kuma bai kamata a raina ta ba. Tsarin mulki ya ɗauki kowane depite a matsayin wakilin al'ummar ƙasa baki ɗaya, domin kada majalisa ta zama dandalin ƙabilanci da ɓangaranci, raba kujeru bisa kaso kuma yana bai wa ƙananan jam'iyyu damar shiga. Jam'iyyu ma sukan yi ƙoƙarin sanya ɗan kowace gunduma cikin jerinsu domin jawo ƙuri'a. Sai dai wannan alfarma ce ta shugabannin jam'iyya, doka ba ta tilasta ta ba, kuma tun da tsarin mulkin ya tanadi cewa wanda ya fice daga jam'iyyarsa ya rasa kujerarsa, mataimakin da aka zaɓa tare da shi ya gaje ta, a fili yake cewa igiyar ɗan majalisa tana hannun waɗanda suka rubuta sunansa. Rayuwar Sanusi Tambari Jaku, ɗan Kornaka a jihar Maradi, ta nuna haka: ya yi fiye da shekara goma a tsare zamanin mulkin soja na Seyni Kountché, ya shiga majalisa a 1993 da tutar CDS-Rahama, da ya saɓa da ita kuma sai da ya kafa tasa jam'iyyar, PNA-Al'umma, kafin ya ci gaba da samun murya.

Abin da ya sa batun ya fi nauyi a Madarunfa shi ne cewa manyan matsalolinta daga iyaka suke tasowa, kuma ba a warware su a ofishin magajin gari. Ruwan Gulbin Maradi, wanda noman fadama da Tabkin Madarunfa suke dogara da shi, daga Najeriya yake gangarowa, madatsar Jibiya kuma ta rage yawan abin da ke isowa. Rufe iyakar da Najeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 ya durƙusar da fatauci ta Ɗan Isa, haka ma takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 2023. Mafi ciwo shi ne satar shanu da garkuwa da mutane don kuɗin fansa, waɗanda suka tsallako daga dazukan Zamfara da Katsina har suka hana wasu ƙauyuka kwana a gida. Duk waɗannan suna buƙatar wanda zai kira minista gaban majalisa ya yi masa tambaya, ya bi kasafin kuɗi layi-layi, yana sane cewa kujerarsa tana rataye da amsar da zai kai wa mutanen Safo. Gaskiya ne cewa kujerar Jibiya ba ta hana 'yan bindiga kai hari can ba, amma ta bar wa talaka ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Ga kuma yankewar wa'adi, wadda ta hana 'yan majalisar Nijar tara ƙwarewa. An rusa majalisa a 1974, 1996, 1999, 2010 da 2023 ta hanyar juyin mulki, Shugaba Mahamane Ousmane ya rusa ta a 1994, Shugaba Tandja Mamadou kuma a 2009. A Afrilun 2024 hukumomin soja sun rusa majalisun gudanarwa na jihohi da na ƙananan hukumomi, aka naɗa masu riƙo a madadinsu, a Maris na 2025 kuma aka rusa jam'iyyun siyasa. A yau babu zaɓaɓɓe ko ɗaya da yake riƙe da muƙami da ƙuri'ar mutanen Madarunfa, kuma duk ranar da aka zauna rubuta sabuwar dokar zaɓe, ya kamata a sauko da mazaɓa daga matakin jiha zuwa na gunduma, ko a haɗa tsarin biyu, ta yadda Madarunfa za ta samu kujerun da doka ta rubuta da sunanta.