Furen Okid: Alƙalin Aljeriya, Likitan Arewa da Murucin Bisa

A shekarar 1916 aka buga rubuce-rubuce biyu a kan tsirrai waɗanda marubutansu ba malaman jami'a ba ne. Na farko na Maurice Pouyanne ne, wani alƙali Bafaranshe a Aljeriya, wanda ya shafe shekaru yana lura da okid ɗin da ake kira Ophrys speculum a gaɓar Bahar Rum. Ya gano cewa leɓen furen yana kwaikwayon macen wani irin zanzaro. Namiji ya sauka a kai da nufin barbara, ya tashi ɗauke da ƙurar haihuwar furen zuwa wani. Furen ba ya ba shi ko ɗigon zuma.

Na biyu ya fi kusa da mu. John Dalziel, likita ɗan Sikotilan da ya yi aikin gwamnati a Arewa, ya fitar da A Hausa Botanical Vocabulary, inda ya jera sunayen tsirrai na Hausa kusa da na Latin. A ciki akwai murucin bisa, wato okid mai maƙalewa a jikin itace, irin Ansellia mai fure rawaya da ɗigo-ɗigo kamar fatar damisa. Ana kuma ce masa manta uwa, sunan da ke nuni da maganin yaye. Ilimin na maharba da masu magani ne. Dalziel rubutawa ya yi, kuma bai rubuta sunayen waɗanda suka koya masa a bangon littafin ba.

Gane okid ba wuya. Furensa kunnuwa shida ne, ɗaya ya bambanta da sauran, ya zama leɓe. 'Ya'yansa kuwa ƙura ce zalla, ba sa tsira sai da taimakon wata gansakuka ta cikin ƙasa, shi ya sa idan aka nome wurinsa da wuya ya dawo.

Nan batun ya shafi Jega da Aliero da Maiyama. Masu hawa itace sun fi son laimar kudu, amma dangin Eulophia na ƙasa tsirran ciyawar fadama ne, kuma fadamar Gulbin Zamfara shinkafa da albasa suke ta cinyewa. A Turkiyya, tonon saiwar okid don garin salep ya kai ga hana fitar da shi waje. A wurinmu ba tono ba ne barazanar, garma ce. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, tana zaune tsakanin dattawan da har yanzu suke riƙe da waɗannan sunaye a ka.