Zanen da Ba Mu Yi wa Fari da Ambaliya Ba

Mu masu zane a ƙasar Hausa mun daɗe muna ƙawata abin da ke tsaye, ba mu cika waiwayar abin da ya rushe ba. Magina sun yi wa soraye ado da dagi, alarammomi sun yi wa allon sauka zayyana, ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane a Zariya a 1958, irin su Uche Okeke, sun nemi salon gida, kuma zanen barkwanci na jarida, kamar na Mustapha Bulama a Daily Trust, ya fi tasa 'yan siyasa gaba. Fari da ambaliya kuwa, baki aka bar wa. Yunwar 1914 ta rayu a zukata ne da sunan Kakalaba, ta 1984 kuma 'yan Nijar suka laƙaba mata El-Buhari saboda rufe iyaka. Fashewar madatsar Bagauda a 1988 da ambaliyar Jibiya a 2018 duk sun wuce, da wuya ka tarar da zanensu a bangon wata makaranta.

Baki yana riƙe tarihi ne muddin zaure na nan. A 'Yargoje da ƙauyukan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, dattawan da suka ga farin 1973 suna ta ƙarewa, ga 'yan bindiga, waɗanda suka yi wa 'Yargoje kisan gilla a Yunin 2024, suna tarwatsa sauran. Mutumin da ya yi gudun hijira ba ya tafiya da zaurensa, amma takarda mai faɗin tafin hannu tana shiga aljihu. Shi ya sa nake ganin ƙaramin zane, na fensir ko tawada, shi ne aikin da ya rataya a wuyanmu.

Za a ce malamai da dama suna ƙyamar zana mai rai. Haka ne, kuma ba sai mun zana shi ba: rumbu wayam, rijiyar da ta ƙafe, shatar ruwa a jikin katanga sun isa shaida. Za a kuma ce ai kowa na da waya. Hoton waya yana ɗaukar ranar da abin ya faru kawai, ya yi yawo a WhatsApp kwana biyu ya nutse. Farin 1973 kuwa ya riga wayar zuwa, sai dai mai zane ya zauna gaban tsohuwa, tana faɗa yana zanawa, tana gyara masa inda ya kauce.